Tambayi Likita: matan Latin Amurka, haihuwa da tiyata, da zaman jego

Likita, a Houston nake zaune, kuma yawancin maƙwabtana matan Meksiko ne da Honduras. Idan aka yi wa ɗayarsu aiki aka ciro jariri, ba ta ɓoyewa, har ɗinkin sai ta nuna miki. Mu kuwa a gida sai a ce raguwa ce. Son tiyatar suke yi ne?

Hajiya, abin da idonki ya gani yana da tushe. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021, haihuwa 21 cikin 100 a duniya da tiyata ake yin ta, amma a Latin Amurka da tsibiran Karebiyan 43 ce. A Burazil da Jamhuriyar Dominika waɗanda ake yi wa aiki sun fi masu haihuwa da kansu yawa, a asibitocin kuɗi na Burazil ma abin ya haura 80 cikin 100. Abin dariya kuma, a birnin Fortaleza na Burazil ɗin nan aka zauna a 1985 aka ce 10 zuwa 15 cikin 100 sun wadatar.

Sai dai yawan abu ba shi ke nuna so ba. Da masu bincike suka tambayi matan Burazil tun suna da ƙaramin ciki, mafi yawansu, na asibitin gwamnati da na kuɗi, cewa suka yi sun fi son su haihu da kansu. A hanya ake canza musu. Likitan da zai kwana kan naƙudar awa goma sha biyu, aiki kuwa bai kai masa awa guda ba, ya san inda sauƙi yake. Ga tsoron wulaƙancin ɗakin haihuwa: tsawa, ƙari ba tare da an tambayi mace ba, hana ta wani nata a kusa. Abin ya kai har Benezuwela ta sa cin zarafin mai haihuwa cikin dokarta a 2007. Macen da ta ji labarin yayarta a irin wannan ɗaki, in aka ce ta zaɓi rana ta zo a ciro mata ɗa, ai ba za ki ga laifinta ba.

Matsalarmu kishiyar tasu ce. Binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna haihuwa kusan 3 cikin 100 kacal ake yi da tiyata. Na sha karɓar yarinya da ta kwana biyu tana naƙuda a gida, kan ɗa ya maƙale, dangi na waje suna cewa a ƙara mata rubutu. Daga nan yoyon fitsari ke farawa. Kalmar raguwa ta kashe mata da yawa.

Wata ƙawata 'yar Meksiko za a yi mata aiki wata mai zuwa a California. Ba ta jin Turanci sosai, kuma kakarta ta tsorata ta cewa a nan ake juya wa mata mahaifa ba su sani ba. Da gaske ne?

Kakar ba tatsuniya take yi ba, 'yar uwa. A 1975 mata goma 'yan asalin Meksiko sun kai ƙara a Los Angeles cewa an ɗaure musu hanyar ƙwai lokacin haihuwa, wasu an miƙa musu takardar Turanci suna tsakiyar naƙuda. Sun faɗi a shari'ar a 1978, amma bayanta aka tsaurara ƙa'ida, takardar amincewa ta koma har da Sifaniyanci.

Yau aikin ciro jariri daban, ɗaure hanyar ƙwai daban, kowanne da takardarsa. Asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka wajibi ne ya ba ta tafinta kyauta. Ta nema tun a wajen awo, kada ta bari ɗanta ko mijinta ya zama tafinta. Ta tambayi dalilin aikin, ta tambayi me zai faru in aka jira, sannan ta sa hannu.

An yi mini aiki a haihuwar fari. Shi ke nan kullum sai aiki?

Ba lallai ba. In yankan mahaifar na kwance ne a ƙasa, kuma dalilin farko bai dawo ba, mata 60 zuwa 80 cikin 100 da suka gwada suna haihuwa da kansu. Haɗarin ɗinkin ya buɗe bai kai 1 cikin 100 ba, amma in ya faru na gaggawa ne, don haka a asibiti mai ɗakin tiyata da jini za ki haihu. Ki ba da tazarar aƙalla wata 18. Yawan maimaita aiki kuma yana ƙara haɗarin mabiyiya ta manne wa mahaifa.

Na ji matan Latin Amurka ma suna zaman arba'in. Wadda aka yi wa aiki za ta iya wankan jego?

Suna yi, sunansa cuarentena: kwana 40 cif, uwa ko suruka ta tare, a ba mai jego romon kaza da wani kunun masara mai ɗumi da suke kira atole, a hana ta shiga sanyi, a ɗaure mata ciki da ɗamarar da suke kira faja. Da kin shiga ɗakin sai ki ɗauka a Zariya kike.

Hutun da hidimar ina goyon bayansu ƙwarai. Ɗamara ma tana rage zafi wajen tashi, muddin ba ta matse ba, ba ta kuma goga kan ɗinkin. Inda zan ja da gwaggo shi ne tafasasshen ruwa da ganye a kan ciki, da kwanciya a gadon wuta, da kunun kanwa kofi bayan kofi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta zafin nan da gishirin kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ruwa mai ɗumi ya isa, a tsane wurin da tsumma mai tsabta. Kada ki lafe a gado, ki riƙa ɗan takawa tun washegari don jini kada ya daskare a ƙafa, in tari ya zo ki danne ciki da matashi. In kin ga zazzaɓi, ko ɗinkin na ruwa da wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko numfashi na yi miki wuya, a tafi asibiti a ranar, ko da daren suna ne.