Louise Brooks: Me ya sa har yau ake son jarumar da ba a jin muryarta a fim?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, kuma ina son kallon fina-finai. Kwanaki na ci karo da hoton wata Baturiya mai ɗan gajeren baƙin gashi, aka ce sunanta Louise Brooks, wai ta yi wasa tun zamanin da fim ba ya magana. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne har yanzu tana da masoya, har da ƙungiya. Ta yaya mutum zai so 'yar wasan da bai ji muryarta ba, wadda ta mutu tun ba a haife shi ba? Idan kuma ina so in gwada kallon irin waɗannan fina-finai, ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Batun murya shi ne mafi sauƙi, don haka da shi zan fara. Ki tambayi iyayenki yadda aka yi shekaru ana cika gidajen sinima a Kano da Kaduna da Zariya ana kallon fina-finan Indiya tun ba a fara fassara su ba. Yawancin 'yan kallo ba sa jin yaren, amma da an tashi kowa ya san wanda ya ci amana da wadda aka zalunta, har ana musu a hanya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Fim marar magana a kan wannan aka gina shi kacokan, shi ya sa 'yan wasan wancan zamani suka iya sarrafa ido da kafaɗa da tafiya fiye da yawancin na yau. Kuma ba kasafai ake kallon waɗannan fina-finai cikin shiru ba. A ƙaramin gidan kallo akwai mai kaɗa piyano a gaban allo, a manyan birane kuwa cikakkiyar tawagar makaɗa ce. Lokaci lokaci rubutu yakan fito a allo ya faɗi abin da wani ya ce.

Ita Louise Brooks an haife ta ranar 14 ga Nuwamba, 1906, a wani ƙaramin gari mai suna Cherryvale a jihar Kansas ta Amurka. Da rawa ta fara. Tana da shekara 15 ta tafi New York ta shiga ƙungiyar rawa ta Denishawn, wadda Ruth St. Denis da Ted Shawn suka kafa, aka sallame ta a 1924, ta koma rawa a manyan gidajen wasa, daga nan kamfanin Paramount ya ɗauke ta a 1925. Ki riƙe wannan batu na rawa, domin duk wanda ya kalle ta a fim abin da zai fara lura da shi shi ne yadda take tafiya da yadda take juya wuya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a zamaninta ba ta cikin manyan taurari. Sarauniyoyin Hollywood na lokacin su ne irin su Mary Pickford, wadda da ita aka kafa kamfanin United Artists a 1919, da Clara Bow, wadda a watan Janairun 1929 kaɗai ta samu wasiƙun masoya sama da 45,000. Ko askin nan da ya ja hankalinki, gashi iya kunne da geza a goshi, Colleen Moore ma tana da irinsa, kuma ta fi Brooks kasuwa nesa ba kusa ba. Brooks tana matsayin mai tasowa ne lokacin da ta nemi ƙarin albashi a 1928 aka hana ta. Ta ajiye aikin, ta hau jirgin ruwa zuwa Jamus, inda darakta G. W. Pabst ke neman wadda za ta fito a matsayin Lulu a fim ɗinsa Pandora's Box, wato akwatin Pandora, wanda aka ɗauko daga wasannin kwaikwayo biyu na marubuci Frank Wedekind. Pabst ya gan ta ne a wani fim na Howard Hawks na 1928, ya kafe cewa sai ita, duk da cewa Jamusawa sun ji haushi a ce Ba'amurkiya ce za ta ɗauki wannan matsayi, alhali ga su Marlene Dietrich a gida.

A kan wannan fim, wanda aka fara nunawa a Berlin a watan Fabrairun 1929, kusan duk sunanta ya rataya. Labari ne na wata yarinya da maza ke halaka kansu a kanta, ita ma ta ƙare a hannun makashin matan nan na Landan, Jack the Ripper. In gaya miki gaskiya, fim ne na manya, akwai zaman banza da kisa a ciki, kar ki kunna shi a gaban ƙannenki. Amma ki duba abin da take yi a wurin shari'a. Ana tuhumar Lulu da kashe mijinta, tana zaune cikin baƙin kaya da mayafi a fuska. Mai gabatar da ƙara yana ta zuba, yana kwatanta ta da Pandora ta tatsuniyar Girkawa wadda ta buɗe akwatin sharri. Sai ta ɗago ta dube shi ta yi ɗan murmushi, mutumin ya daburce na ɗan lokaci kafin ya tattara hankalinsa ya nemi a yanke mata hukuncin kisa. Ba ta zare ido ba, ba ta dafe ƙirji ba, ba ta yi ko ɗaya daga cikin abubuwan da 'yan wasan lokacin suka saba yi ba. Kana kallon fuskarta ka kasa yanke hukunci ko muguwa ce ko yarinya ce da ba ta san nauyin abin da take yi ba.

Wannan salo shi ne ya jawo mata suka a lokacin. Masu sharhi a Berlin sun ce ba ta iya wasa ba, tsayawa kawai take yi. Su sun saba da 'yan wasan da suka taso a dandamali, inda dole ka kambama komai don na layin baya ya gani. Abokin wasanta Fritz Kortner irin waɗannan ne, babban ɗan wasan dandamali, kuma ba ya ko ƙaunar ganinta. Ita ta gane, ko da gangan ko bisa ɗabi'a, cewa kyamara tana kusa, ƙiftawar ido ma ta isa. Yau haka kowane ƙwararren ɗan fim yake wasa, shi ya sa idan kin kalli fim ɗin za ki ga sauran mutanen ciki sun tsufa, ita kuwa kamar jiya aka ɗauke ta. A ganina nan ne asalin ƙaunar da ake mata, askin talla ne kawai ya yi mata. Pabst ma yana da nasa hannu. Ta ba da labari da kanta cewa don ɗaukar ƙarshen fim ɗin, inda Lulu ta talauce, ya sa aka ɗauki kayan da ta fi so a cikin nata na kanta aka yayyaga aka ɓata su da maiƙo, ya ce ta sa. Ɓacin ran da ake gani a jikinta a wurin na gaske ne.

Ta ƙara fim ɗaya da Pabst a 1929, Diary of a Lost Girl, sannan ta yi wani a Faransa da wani darakta daban, wanda ya fito a 1930. Sai dai a lokacin kasuwar ta riga ta juya. Tun Oktoban 1927 fim mai magana ya fara cin kasuwa a Amurka, kamfanoni suna ta rige-rigen sa murya a fina-finan da suka riga suka ɗauka. Paramount ya nemi ta dawo ta sa muryarta a The Canary Murder Case, ta ƙi, aka sa wata 'yar wasa, Margaret Livingston, ta yi magana a madadinta, aka kuma baza cewa muryarta ce ba ta dace ba. Ba gaskiya ba ne, muryarta lafiya lau take, ana iya ji a 'yan fina-finan da ta yi daga baya da hirarrakin da aka yi da ita da ta tsufa. Taurin kai ne ya ci ta, kuma masoyinta na gaskiya ba zai ɓoye wannan ba: tana da kaifin harshe, ta sha giya sosai, ta rufe wa kanta ƙofofi da dama. Fim ɗinta na ƙarshe na 'yan kaboyi ne a 1938 tare da John Wayne, tana da shekara 31. Daga nan ta koma Kansas ta buɗe makarantar rawa ba ta yi albarka ba, ta dawo New York har ta yi aikin sayar da kaya a kanti. Duniya ta manta da ita.

To a nan masoya suka shigo, kuma wannan ne sashen da ya fi taɓa ni. A 1955 Henri Langlois, shugaban gidan adana fina-finai na Faransa, ya shirya baje koli a Paris na cikar sinima shekara 60, ya kafa ƙaton hotonta a ƙofar shiga. Aka tambaye shi me ya sa bai sa manyan taurari irin su Greta Garbo ko Dietrich ba, aka ruwaito ya ce babu wata Garbo, babu wata Dietrich, Louise Brooks kaɗai ce. A Amurka kuma James Card, mai kula da fina-finai a gidan tarihi na George Eastman da ke Rochester, ya nemo ta a ɗan ɗakin da take zaune a New York, ya lallashe ta ta koma Rochester a 1956. Can ta zauna ta kalli fina-finan nata da idon basira, ta fara rubutu. Sai ga shi mace ce mai alƙalami. Maƙalunta a kan yadda Hollywood ke cin moriyar 'yan mata ta yar da su aka tattara a littafin Lulu in Hollywood a 1982, bayan dogon rubutun da Kenneth Tynan ya yi a kanta a mujallar New Yorker a 1979 ya sake tayar da sunanta. Ta mutu a Rochester ranar 8 ga Agusta, 1985. Ƙungiyar da kika ji labari ita ce Louise Brooks Society, wadda Thomas Gladysz ya kafa a intanet a 1995.

Kar ki ɗauka aikin waɗannan mutane tara hotuna ne kawai. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, mai kama wuta kamar fetur, idan kuma ya daɗe sai ya narke ya zama gari. Da fim mai magana ya zo, kamfanoni suka ga tsofaffin ba su da sauran amfani, wasu aka ƙona, wasu aka narkar don a cire azurfar da ke jiki. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa daga cikin dogayen fina-finai marasa magana 10,919 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya, kashi 14 ne kacal suka tsira a asalin siffarsu. Gobarar da ta tashi a rumbun kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta cinye mafi yawan ayyukan 'yar wasa Theda Bara, wadda a zamaninta ta fi Brooks suna ninkin ba ninkin. Yau kusan hotunanta kawai ake gani. Ita ma Brooks da yawa daga fina-finanta na Amurka sun salwanta. Shi ya sa lokacin da aka gano kusan minti 23 na wani fim ɗinta na 1927 a rumbun fina-finai na Prague a 2016, masoyanta suka yi murna kamar an yi musu haihuwa. Su ne masu bin tsofaffin jaridu, masu rubuta wa rumbunan ƙasashe wasiƙa, masu tara kuɗin gyara, masu cika kujeru a bikin fina-finai marasa magana na Pordenone ta Italiya, wanda ake yi duk shekara tun 1982. Ba don irinsu ba da babu abin da ni da ke za mu kalla.

Game da farawa, ki kula da abu biyu. Na farko saurin hoto. Da hannu ake juya kyamarorin lokacin, sau da yawa hoto 16 zuwa 22 a daƙiƙa, fim mai magana kuma ya tsaya a kan 24. Idan aka haska tsohon fim da saurin sabo sai ki ga mutane suna ta tsalle-tsalle kamar an tsikare su, daga nan ne mutane suka ɗauka duk fim ɗin da abin dariya ne. Ki nemi kwafin da aka gyara, mai tsabtar hoto. Na biyu kiɗa. Akwai kwafe-kwafe a YouTube da aka liƙa musu kiɗan da bai da alaƙa da labarin, irin wannan yana kashe fim murus. Gara ki sauya kwafi da ki daure.

Shawarata kar ki fara da Pandora's Box, ya haura awa biyu kuma yana da nauyi. Ki fara da Beggars of Life na 1928, wanda William Wellman ya ba da umarni, inda ta fito a matsayin yarinyar da ta sa kayan maza tana gudun hukuma a kan jiragen ƙasa na dakon kaya. Labarin a miƙe yake, zai saba miki da karanta fuska. Ki ajiye waya, ki rage haske, ki ba shi minti ashirin kafin ki yanke hukunci, domin a farko kunne yana ta neman magana kafin ya haƙura ya bar wa ido aikin. Bayan shi sai ki shiga na Pabst guda biyu.

Idan abin ya kama ki, kar ki tsaya a kanta ita kaɗai. Ki nemi Lillian Gish a The Wind na 1928, da Renée Falconetti a fim ɗin Carl Dreyer na wannan shekarar a kan shari'ar Joan of Arc, jarumar tarihin Faransa, wanda kusan dukkansa fuskarta ce ta cika allo. Sai kuma Ruan Lingyu ta Shanghai a The Goddess na 1934, inda ta fito a matsayin uwa mai fafutukar sa ɗanta a makaranta. Ta mutu a 1935 tana da shekara 24, kuma a ƙasar Sin har yau ana girmama ta yadda Turawa ke girmama Brooks.