Tambaya da Amsa: Fitilun da na gani a saman Agege, wai da gaske sojoji na bincikensu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni mai gadi ne nan Agege ta wajen abbatuwa, jikana ne ke buga min wannan saƙon a waya. Ranar wata Laraba tsakanin magariba da isha'i an ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, na fito da buta zan yi alwala sai na ɗaga kai na ga wasu fitilu a jere kamar an tsinka carbi an miƙe shi a sama, sun fi ashirin, suna tafiya a hankali ba ƙara ba ƙyaftawa, da sun kai wani waje sai su ɓace ɗaya bayan ɗaya. Abokin aikina ya ce ayarin aljanu ne, jikan nan nawa kuma ya nuna min bidiyo a Facebook wai sojojin Amurka sun amsa cewa akwai wasu halittu da ke zuwa daga wata duniya. Malam ni ina garin nan lokacin da bama-baman barikin Ikeja suka tashi, tun daga ranar duk hasken da na gani a sama sai gabana ya faɗi. Mene ne wannan abu, kuma da gaske ne soja na bincike a kai? In na sake gani wa zan gaya wa?
Daga wani dattijo, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abu na farko dai na yarda da kai, ba gizo idonka ya yi maka ba, kuma yadda ka kwatanta abin dalla-dalla shi ya sa zan iya ce maka kusan tabbas taurarin ɗan Adam ne na Starlink ka gani. Kamfanin SpaceX na Elon Musk ne ke harba su don raba intanet, roka ɗaya kan ɗauki guda gommai ta sake su tare, to a kwanakin farko kafin su warwatsu kowanne ya hau matsayinsa ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, a jere suke bin juna kamar taragon jirgin ƙasa. Ba su da fitila ko ɗaya Baba, hasken rana ne ke dukansu, mu nan ƙasa rana ta faɗi amma can sama inda suke har yanzu tana nan, da sun shiga inuwar duniya sai su dushe ɗaya bayan ɗaya daidai wuri guda, wato ɓacewar nan da ka gani. Shi ya sa ba ka ganinsu da tsakar dare, sai bayan magariba ko gab da asuba. An harba 60 na farko a watan Mayu 2019, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta a Janairun 2023, farin farantin nan mai kusurwa huɗu da kake gani a rufin wasu gidajen masu hali da su yake magana.

Maganar aljanu kuwa, mun yi imani da su don Alƙur'ani ya faɗa, amma ka gaya wa abokin aikinka a hankali cewa wannan ƙarfe ne ƙirar hannun mutum, har akwai manhajojin waya da ke faɗin ranar da za su wuce ta saman garinku da minti nawa.

To sai batun soja, nan ne zan ɗan daɗe don a nan ake cakuɗa gaskiya da ƙarya. E, da gaske ne sojoji na bincike, kuma ba yau suka fara ba. A ranar 24 ga Yuni 1947 wani matuƙin jirgi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a sama kusa da dutsen Rainier a jihar Washington ta Amurka, jaridu suka ɗauka, kafin ka ce kwabo rahotanni sun cika ƙasar. Lokacin kuma an fara zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, don haka tsoron sojan sama shi ne kada abin nan ya zama sabon jirgin Rasha ne ya shigo musu gida ba su sani ba. Sai suka buɗe ofis, suka yi ta canza masa suna har ya tsaya a Blue Book a 1952, mazauninsa a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio. Zuwa 1969 da suka rufe shi sun tattara rahoto 12,618, a ciki 701 ne kawai suka rage ba a gano ko mene ne ba, sauran duk taurari ne, jirage, balan-balan na auna yanayi, gajimare, tsuntsaye da makamantansu. Abin da suka rubuta a ƙarshe shi ne ba su ga barazana ga tsaron ƙasa ba kuma ba su ga hujjar baƙi daga wata duniya ba.

Masu bidiyon Facebook wannan 701 ɗin suke riƙewa su yi ta yayatawa. Amma Baba kai mai gadi ne, ka fi ni sanin wannan, in ka ji motsi a bayan katanga ƙarfe biyu na dare ka haska tocila ba ka ga komai ba, da safe maigida ya tambaye ka sai ka ce ban gane ko mene ne ba, ai ba ka ce aljani ba ne kuma ba ka ce ɓarawo ba ne, ka dai ce bayanin da ke hannunka bai isa ba. Haka kalmar UFO take, ma'anarta abu mai tashi da ba a tantance ba, iyakarta ke nan.

Sai dai ba zan wanke sojoji tas ba, don su ma da hannunsu a ruɗanin. A Yulin 1947 aka kai rahoton wasu tarkace da suka faɗo a wata gona kusa da garin Roswell na Amurka, soja suka ce balan-balan ɗin yanayi ne, sai a 1994 rundunar sojan sama ta fito ta ce na wani shirin sirri ne mai suna Mogul da ake sauraron gwajin nukiliyar Sobiyet da shi, shekara 47 mutane na ta saƙa labari a kan gurbin da aka bari. Haka jirgin leƙen asirin nan U-2 da ya fara tashi a 1955, yana hawa sama da ƙafa 60,000 a lokacin da jiragen fasinja ba sa kaiwa ko rabin haka, rana ta faɗi a ƙasa shi kuma yana can yana walƙiya kamar garwashi, matuƙa su gani su kai rahoto, masu bincike sun san nasu ne amma ba halin faɗa, hukumar CIA da kanta ta amsa haka daga baya. A daren 13 ga Maris 1997 dubban mutane a birnin Phoenix na Amurka suka ga jerin fitilu sun tsaya a sararin sama, sai bayan watanni aka bayyana cewa waɗanda aka gani wajen ƙarfe goma na dare wutar haska fili ce da jiragen yaƙi samfurin A-10 suka saki da lema a wurin atisaye. Wanda ya fi kama da namu shi ne na Meziko a 2004, kyamarar jirgin soja ta ɗauko fitilu goma sha ɗaya, aka nuna a talabijin duniya ta ɗauka, masu nazari suka bi layin da jirgin ya bi suka nuna cewa ta wajen rijiyoyin mai na cikin teku kyamarar ke kallo inda ake ƙona iskar gas, irin wutar nan da duk wanda ya taɓa zuwa Neja Delta da dare ya sani.

Bidiyon da jikanka ya nuna maka ina kyautata zaton cikin guda ukun nan ne da ma'aikatar tsaron Amurka ta saki a Afrilun 2020, matuƙan jiragen sojan ruwa ne suka ɗauka, ɗaya tun 2004. Abin da ma'aikatar ta amsa shi ne bidiyon na gaske ne kuma ba a tantance abin da ke ciki ba, ba ta ce halittu ba ne. A Yunin 2021 aka miƙa wa majalisarsu rahoto kan lamura 144, guda ɗaya tak suka iya tabbatarwa, wani babban balan-balan da iska ke fita daga cikinsa, sauran suka ce bayanan sun yi kaɗan. A 2022 suka kafa ofis na musamman mai suna AARO, shi kuma a Maris 2024 ya fitar da rahoton cewa ya bi tsoffin takardu tun daga 1945 bai ga hujjar fasahar wata duniya ba. Kuma abin da ke hana su barci ya fito fili a Fabrairun 2023 lokacin da balan-balan ɗin Chaina ya ratsa ƙasarsu sai da jirgin F-22 ya harbo shi a bakin teku. Sararin sama iyaka ce kamar Seme ko Illela, soja na son sanin wa ya shigo.

Maganarka ta Ikeja ita ta fi taɓa ni wallahi. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 ma'ajiyar makamai ta kama da wuta, sama ta yi ja, mutane fiye da 1,000 suka rasu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya same su ba, gudu suke cikin duhu ba wanda ya gaya musu abin da ke faruwa, wasu na cewa juyin mulki ne wasu na cewa yaƙi ne, suka faɗa magudanar ruwan Oke-Afa da ciyayi suka rufe, yara da mata birjik. Allah ya jiƙansu. Shi ya sa ni a ganina in soja za su yi atisayen dare ko su tashi jirgi maras matuƙi kusa da unguwanni, haƙƙin jama'a ne a sanar a rediyo tun da wuri, da Yarbanci da Hausa da Turancin buroka, don mai gadi da mai shayi da ɗan dako a Mile 12 su ne a waje lokacin da kowa ke barci, su ne ke fara gani.

In ka sake gani ga yadda za ka bambance. Abin da ke can ƙololuwa, shiru, yana tafiya a miƙe, ka sha kallo kawai. Wanda ke ƙasa-ƙasa yana ƙugi kamar taron ƙudan zuma yana tsayawa yana juyawa a kan gidaje, wannan dron ne, wato ƙaramin jirgi maras matuƙi, yawanci na masu ɗaukar bidiyon biki ne amma ku Agege kuna bakin filin jirgin Murtala Muhammed, ba a yarda kowa ya tashi dron a nan haka kawai ba, ka sanar da maigida da ofishin 'yan sanda mafi kusa. In kuwa da hayaƙi ko fashewa ko wani abu ya faɗo, a kira 112 ko 767, kada kowa ya taɓa, a janye yara, 'yan bola-jari ma a hana su. Ka riƙe ƙarfe nawa ne, ta gabas ya fito ko ta yamma, minti nawa ya yi, in jikanka zai ɗauki bidiyo ya haɗa da rufin gida ko falwaya a ciki kada ya zuƙo hoton, don ɗigon haske a baƙin allo ba mai iya karanta komai a cikinsa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni a Idi-Araba nake, kusan sati biyu ke nan kullum bayan magariba ina ganin wani farin haske mai ƙarfi ta yamma ya tsaya cak, ya fi duk taurari girma, maƙwabciyata ta ce kyamarar soja ce ake leƙen unguwa da ita, har ta hana 'ya'yanta wasa a tsakar gida.
Daga wata uwar gida, Idi-Araba

AMSA: Hajiya barka kadai. Ki kwantar wa maƙwabciyarki da hankali, abin da ya yi sati biyu yana fitowa wuri ɗaya lokaci ɗaya ba na'ura ba ce, batirin ƙaramin dron ko awa ɗaya ba ya kaiwa. Zara ce matar wata, wadda in ta koma fitowa da asuba kakanninmu ke kira Gamzaki, duniya ce maƙwabciyar tamu, farin gajimare ya lulluɓe ta shi ya sa take mayar da hasken rana haka, bayan rana da wata babu abin da ya kai ta haske a sama, kuma a Legas da hayaƙi da fitilu suka cinye ƙananan taurari sai ta rage ita kaɗai ta yi kamar an rataye ƙwan lantarki. Ba ku kaɗai ta ruɗa ba, Jimmy Carter kafin ya zama shugaban Amurka ya ga wani haske a jihar Jojiya a 1969 har ya rubuta rahoto, masana taurari da dama na ganin ita ce. Abu ɗaya da ke iya kama da ita shi ne jirgin da ya doso ki kai tsaye zai sauka Ikeja, fitilarsa kan tsaya kamar ba ta motsi na 'yan mintuna, amma shi daga baya za ki ga ja a fiffike ɗaya kore a ɗayan sannan ki ji ƙara. Ki gwada wannan yau, bayan sallar magariba ki tsaya a bakin ƙofa ki daidaita ta da kan tankin ruwa ko eriyar wani gida, ki shiga ki gama tuwo ki dawo daidai inda kika tsaya, za ki tarar ta gangaro ƙasa ta bi hanyar da rana ta bi, kafin dare ya raba ta faɗi. Ki kira maƙwabciyar taki da yaran ku duba tare.