Keken hawan tsauni a dazuzzukan Birtaniya: amsoshin tambayoyinku

*Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Leeds. Abokan karatuna kan je dajin Dalby hawan keke a ƙarshen mako, ina so in riƙa bin su. Na tara fam 600. Na ga sabon keke mai shokazoba gaba da baya a wani babban kanti kan fam 250, na kuma ga wani na hannu mai shokazoba a gaba kaɗai kan fam 450. Wanne zan ɗauka?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka fitar da ko sisi, ka je Dalby ka yi hayar keke na yini ɗaya. Akwai masu ba da haya a cikin dajin. Hawa ɗaya zai nuna maka girman keken da ya dace da tsayinka, ya kuma nuna maka ko da gaske kana son abin, ko kuwa zumuɗin abokai ne ya ɗebe ka.

In ka dawo da niyyarka, ka bar na fam 250 ɗin nan inda ka gan shi. Araha ba ta ado. Shokazobar baya mai kyau ita kaɗai tana cin kuɗin da ya kai na keken baki ɗaya, don haka abin da aka ɗaura masa ƙarfe ne mai lilo kawai, ya ƙara masa nauyi, ya shanye ƙarfin ƙafarka a hawa, ba kuma zai riƙe tayar a ƙasa ba in ka zo gangara mai duwatsu. Da kuɗinka, mai shokazoba a gaba kaɗai ya fi maka. Ya fi sauƙin nauyi, gyaransa bai kai na wancan tsada ba, kuma shi ke koya wa mutum duba hanya ya zaɓi inda zai sa taya.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne birki. Ka nemi mai faifai a tsakiyar taya wanda ke aiki da mai, irin na Shimano ko Tektro. Birkin roba mai matse gefen taya ba ya kamawa sosai in ya sha ruwa da laka, ga shi a Yorkshire, yankin da Leeds da Dalby suke, laka ba ta yankewa. Ka matsa shi ka ji: in hannun birkin ya tafi har ya taɓa sitiyari, akwai gyara a gaba. Ka duba jikin keken wajen walda ko da tsagewa, ka juya giya ɗaya bayan ɗaya, ka danna shokazoba ka ga ko tana yoyon mai. Sannan ka karɓi lambar da ke ƙasan keken ka bincika ta a BikeRegister, shafin intanet da ake rajistar kekuna da ba da rahoton waɗanda aka sace, domin satar keke ta yi yawa a biranen ƙasar, kada ka sayi rigima da kuɗinka. Mai sayarwar da ya ƙi ba ka lambar, ka rabu da shi.

Canjin da ya rage ka sayi hular kwano sabuwa fil, ba ta hannu ba, don ba ka san ko ta taɓa buguwa ba. Ka haɗa da safar hannu, ƙaramin famfo, tub na ko-ta-kwana da rigar ruwa.

Game da Dalby kuwa, dajin yana gefen kudu na gandun North York Moors, kusa da garin Pickering, kuma an yi gasar cin kofin duniya ta keken tsauni a can a 2010 da 2011. Hanyoyinsa an yi musu alama da launi kamar sauran dazuzzukan gwamnati: kore ta masu koyo, shuɗiya ta wanda hannunsa ya fara faɗawa, ja ta gwanaye, baƙa ta ƙwararru. Jar hanyar Dalby ta haura kilomita 30. In abokanka ita suke bi, kada kunya ta sa ka bi su ranar farko. Ka yi shuɗiya har sai ta daina ba ka tsoro. Ka riƙe kuma cewa a kekunan Birtaniya hannun dama shi ne birkin gaba. In ka damƙe shi da ƙarfi a gangara, ta saman sitiyari za ka wuce.

*Ni ma'aikaciyar jinya ce a Edinburgh, ina da yara biyu, ɗan shekara tara da 'yar shekara shida. Ina so mu riƙa fita daji da keke, amma rabona da hawa tun ina yarinya. Ina ya dace da mu, kuma yaya zan yi da sutura?*

'Yar'uwa, kin yi sa'ar wuri. Dajin Glentress da ke kusa da Peebles bai wuce tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga gare ku ba. Yana cikin cibiyoyin keke na kudancin Scotland da ake kira 7stanes, kuma a nan aka yi wani ɓangare na gasar duniya ta 2023. Kada wannan ya razana ki, akwai koriyar hanya da filin koyo inda iyalai ke kai ƙananan yara.

Kada ki saya wa yaran keken da ya fi su girma da nufin za su girma su same shi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa ba sa kai wa birki, faɗuwa ɗaya zai yi ya tsani keke. Ki sayi na hannu marar nauyi daidai su, in sun girme shi ki sayar. Naki kuwa, ki tambayi wurin aikinki ko suna cikin shirin Cycle to Work, wanda ake cire kuɗin keke daga albashi kafin haraji. Sharaɗinsa dai keken ya zama yawanci na zuwa aiki ne.

Sutura ba ta hana komai, sai dai doguwar abaya da gyale mai lilo suna iya shiga kaca ko taya. Riga mai kaiwa gwiwa, da wando marar faɗin ƙafa, da ƙaramin hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano sun wadatar. Rufe jikin ma yana da amfani, saboda akwai kaska a ciyayin can mai ɗauke da cutar Lyme. In kun koma gida ki duba jikin yaran, musamman bayan gwiwa, hammata da tushen gashi.

*Malam, ina zaune a Sheffield. Na saba da hanyoyin daji, yanzu tuddan Peak District nake sha'awa. An ce mini ba ko'ina ake hawa ba. Kuma ko in sayi keke mai batir?*

Gaskiya aka faɗa maka. A Ingila da Wales dokar 1968 ta ba mai keke damar bin hanyar dawakai, wadda ake yi wa alama da shuɗiyar kibiya, da sharaɗin ya ba masu tafiya a ƙasa da mahaya doki hanya. Mai rawayar kibiya ta 'yan ƙafa ce, ba ka da hurumi a kanta. A Scotland ne dokar 2003 ta buɗe yawancin ƙasa ga kowa muddin ya kiyaye haƙƙin wasu. Ka sayi taswirar yankin ta Ordnance Survey, hukumar zana taswirar ƙasar, ka koyi karanta ta.

Ina so ka ɗauki tuddan nan da muhimmanci fiye da daji. A daji an gina maka hanya, an kafa alamu, itatuwa sun tare maka iska. A saman tudu babu itace, sai gajeren ciyayi da tumaki da baƙar ƙasa mai shan ruwa. Hazo kan sauko cikin 'yan mintuna, waya ta rasa sabis, a watan Disamba kuma rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. Ka tafi da fitila da abinci da ƙarin rigar sanyi, ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin dawowarka. In tsautsayi ya faru ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto a tsauni kake buƙata. In an kwana ana ruwa ka haƙura da saman tudu ka koma daji, domin taya tana yanka jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, kuma tana daɗewa ba ta farfaɗo ba. Daga Maris zuwa Yuli tsuntsaye na ƙwai a ƙasa, kada ka ratse daga hanya. Ƙofar shingen da ka tarar a rufe, ka rufe ta bayanka.

Mai batir yana taimakon wanda gwiwa ke damu ko wanda hawa ke gajiyarwa. Doka ta ɗauke shi keke ne in injinsa bai wuce wat 250 ba, yana kuma daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. Wanda ya wuce haka babur ne a idon hukuma, ba shi da izinin hanyar dawakai. Ka tuna yana da nauyi, yawanci fiye da kilo 20, kuma a tudu akwai inda dole ka ɗaga shi ka tsallake shinge. In lafiyarka ƙalau, ka ci gaba da wanda kake da shi, ka sa kuɗin a tayoyi masu manyan haƙora da rigar ruwa ta kirki.