Kwana goma a Seoul: ka je baƙo, ka dawo a kan lokaci

Wani matashi da ke aiki a Doha ya rubuto cewa ya tara ɗan abin da ya tara, yana so ya yi hutun kwana goma a Koriya ta Kudu. Yana tambayar yadda kuɗin za su ishe shi, da kuma ko gaskiya ne zai iya maƙalewa can ya nemi aikin masana'anta, kamar yadda wani aboki ya zuga shi.

Ƙanena, bari in fara da zancen abokin nan. Bizar C-3 ta ziyara ce kawai, ba a aiki da ita. Ma'aikatan masana'antu da bizar E-9 suke shiga, ita kuwa ta ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da Koriya ce, irin su Nepal da Indonesiya. Najeriya da Nijar ba sa ciki. Wa'adinka na wucewa ka zama abin farauta: tara, kora, da hana ka sake shiga. Ga aikin Doha ya salwanta, ga su Inna na jiran kuɗin wata. Nemi bizarka a ofishin jakadancin Koriya da ke Doha, tunda kana da katin zama. Ka riƙe takardar hutu daga wurin aiki, da shaidar masauki, da tikitin dawowa a jakar hannu, don jami'an filin jirgin Incheon suna iya yi maka tambayoyi ko da biza a fasfo.

Kuɗi kuwa, tasi ce ke cinye su. Daga Incheon hau jirgin ƙasa na AREX mai tsayawa kowace tasha, ya fi mai gudun araha. Sayi katin T-money na biyan kuɗin mota da jirgin ƙasa a kanti irin CU ko GS25, ka riƙa taɓa shi in za ka hau da in za ka sauka, ta haka ake samun rangwamen canja mota. Sa manhajar taswira ta Naver Map a wayarka. Shiga tsohuwar fadar sarakuna ta Gyeongbokgung won 3,000 ne (won shi ne kuɗin ƙasar), amma tana rufe ranar Talata. Babban gidan tarihin ƙasa kyauta ne.

Abinci ne wurin taka-tsantsan. Naman alade na ɓoye cikin romo, har cikin naɗin shinkafar da suke kira gimbap. Haddace kalmar dwaeji-gogi, sunansa ke nan. In ka gaji da tambaya, hau tudun Itaewon, inda babban masallacin Seoul yake tun 1976, gidajen abincin halal na kewaye da shi. Ƙananan kwanukan ganye da ake jero maka da ruwan sha duk kyauta ne, kuma ba a barin tukwici.

Ladabinsu ba zai ba ka wuya ba, ɗan da ya tashi yana durƙusa wa manya. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka miƙa ka karɓa da hannu biyu, babba ya fara kai loma kafin kai. In an tambayi shekarunka kada ka ji haushi, so ake a san wa zai girmama wa. Kada ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka suke yi wa mamata. A jirgin ƙasa, kujerun tsofaffi ko babu kowa a kai bar su. Kuma mu da waya sai a hankali: in kiran gida ya shigo, bari sai ka sauka kafin ka fara "ina Baba, ina su Hajiya".