Tambayoyin Masu Karatu: Shugabannin Ƙungiya Na Iya Ƙara Wa Kansu Wa'adi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani ɗakin gwajin ingancin ruwan sha a Kumasi, kuma ni mamba ce a wata ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai. Magatakardanmu ya aiko da gayyatar babban taron shekara saura kwana 10, ya ce za a yi zaɓe, kuma za a duba wasu sassan dokokin ƙungiya, bai faɗi waɗanne ba. Daga baya muka ji cewa so ake a mai da wa'adin shugabanni shekara 3 maimakon 2, a koma jefa ƙuri'a ta intanet, kuma idan an amince sai a ɗage zaɓen, waɗanda ke kai su ƙara shekara guda. Shin haka ya halatta? Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa uku aka haɗa muku a ƙunshi ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Tsawaita wa'adi da jefa ƙuri'a ta intanet shawarwari ne da mambobi ke da damar karɓa ko ƙi. Na ukun, wato a bar shugabannin da aka zaɓa don shekara 2 su zarce, shi ne nake ganin bai kamata ku yarda da shi ba ko da kowa na yaba aikinsu, domin amanar da kuka ba su tana da ranar ƙarewa, kuma mai cin gajiyar gyara bai dace ya zama shi ne mai kawo shi, mai jagorantar muhawararsa, kuma mai ƙidaya ƙuri'unsa ba. Idan gyaran na da amfani, a rubuta a cikinsa cewa zai fara aiki ne a kan waɗanda za a zaɓa nan gaba, a yi zaɓen bana a kan tsohuwar doka.

Kafin ranar taron, ki nemi kwafin kundin tsarin mulkin ƙungiyar, ki nufi sashen da ya yi bayanin yadda ake yi masa gyara. Nan za ki ga kwana nawa ake buƙata na sanarwa, mutum nawa ne dole su halarta kafin taro ya iya yanke hukunci, da yawan rinjayen da gyara ke buƙata. Ƙungiyoyi da dama suna bambanta kundin tsarin mulki da ƙa'idojin gudanarwa na yau da kullum: na farko sai babban taro ke taɓa shi, na biyu kuwa wani lokaci kwamitin zartarwa na iya gyara su. Tsawon wa'adi da hanyar zaɓe a kundin suka fi dacewa su zauna. Idan kika tarar an ajiye su cikin ƙa'idojin da kwamiti ke iya sauyawa shi kaɗai, to wannan ma gyara ne da ya cancanci ki gabatar.

Sannan ki tambayi yadda aka yi wa ƙungiyar rajista. A Ghana, ƙungiyoyin da ba na neman riba ba sukan yi rajista a matsayin kamfani mai lamunin mambobi (wato wanda ba shi da hannun jari, mambobinsa ne ke tsaya masa), ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019 mai lamba 992, wasu kuma suna da rajistar ƙungiyoyin ƙwararru ƙarƙashin dokar 1973. Idan taku kamfani ce a idon doka, gyaran kundinta na buƙatar ƙuduri na musamman, wanda sai kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa sun goyi bayansa, kuma sanarwar babban taro kwana 21 ce a ƙa'ida, tare da bayyana cewa za a kawo irin wannan ƙudurin. Gayyatar kwana 10 da ta ce kawai za a duba wasu sassa ba ta cika wannan sharaɗi ba. Dalilin dokar a fili yake: malamin makaranta da ke Tamale ko ma'aikaciyar masana'anta da ke Tema ba za su kashe kuɗin mota da na masauki ba sai sun san abin da za a yanke, kuma idan ba su zo ba, 'yan tsirarun da ke kusa da wurin taro ne za su yanke wa kowa.

Manyan ƙungiyoyin wannan fanni sun daɗe da tsaurara wannan ƙofa. American Chemical Society ta Amurka, wadda aka kafa a 1876, tana zaɓen shugaba mai jiran gado, ya yi shekara guda a haka, shekara guda a kan kujera, shekara guda kuma a matsayin wanda ya sauka yana zaune tare da sababbi. Da haka suka warware hujjar da masu neman tazarce suka fi kafawa, wai ayyuka za su tsaya idan aka sauya hannu. Royal Society of Chemistry ta Birtaniya kuwa, wadda ta samu a 1980 daga haɗewar ƙungiyoyi huɗu, tana aiki ne da takardar izinin sarauta, don haka gyaran manyan dokokinta sai ya samu amincewar majalisar mashawartan Sarki bayan mambobi sun yarda. Mu ma nan gida, Kundin Tsarin Mulkin Ghana na 1992 ya ce sassansa masu kariya ta musamman ba sa sauyawa sai da ƙuri'ar raba gardama, wadda aƙalla kashi 40 na masu rajista suka fito, kashi 75 na waɗanda suka kaɗa suka amince.

Batun intanet ina goyon bayansa, muddin kwamitin zaɓe mai zaman kansa ne zai riƙe na'urar, an kafe sunayen masu ƙuri'a tun da wuri, kuma ba wanda zai iya ganin wa wane ya zaɓa.

Abin da za ki yi yanzu shi ne ki rubuta wa magatakarda cikin ladabi, ke da wasu mambobin da suka biya kuɗinsu, ku nemi cikakken rubutun gyaran, tsohon sashe da sabo gefe da gefe, ku kuma nemi a kaɗa ƙuri'a a kan kowane gyara daban. A wurin taro, ki tabbatar an ƙidaya mahalarta kafin a fara, an kuma rubuta ƙorafinki a cikin bayanan taron, domin shi ne hujjarki idan magana ta kai gaban dattawan ƙungiya ko lauya.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen sinadarai na Jami'ar Kwame Nkrumah. Ina biyan kuɗin ƙungiya na ɗalibai, amma an ce ba ni da ƙuri'a. Ba zalunci ba ne? Daga Asawase.

Amsa: Ɗana, wannan ba baƙon abu ba ne. Ƙungiyoyin ƙwararru sukan kasa mambobi aji-aji, su keɓe ƙuri'a ga masu cikakkiyar shaidar karatu, ɗalibai kuma su biya ragi. Duba abin da kundin ya ce game da ajinku. Idan ya hana ku ƙuri'a, ku nemi cikakken mamba, misali wani malaminku, ya gabatar da ƙudurin a ware wa ɗalibai kujera ɗaya a kwamitin zartarwa, wadda ku da kanku za ku zaɓi mai zama a kanta.