Amsa: inda ake samun tatsuniyoyin mutanen da a intanet

Wa alaikumus salam malama, kin ce kina neman tsoffin tatsuniyoyi ki riƙa karanta wa yara da dare a salula, to akwai su kyauta ma. Tunda nan Maraɗi Faransanci yara ke yi a lakwal ki fara da Wikisource, shafin littattafai na kyauta, na Perrault, marubucin Faransa, na 1697 suna nan, da na Grimm, 'yan uwan nan biyu na Jamus da suka fara fitar da nasu a 1812, a shafin littattafai na Gutenberg ma akwai, ki sauke sau guda ki huta da ƙona kuɗin waya kullum. Amma ki fara karantawa ke kaɗai dan Allah, na asalin akwai yanka da cin mutane a ciki, yaro sai ya kasa barci.

Ni dai na gida sun fi min. Ki shiga archive.org ki rubuta Rattray, Baturen da ya tattara tatsuniyoyin Hausa, littafinsa na 1913 na nan da ajami da boko, ga Gizo da Ƙoƙi, sai dai bokon Turawan da ne babu ƙ babu ɗ, sai kin ɗan saba. Magana Jari Ce kam na takarda ya fi, ki tambayi masu saida littattafai a babbar kasuwa.