Maƙwabcin da Ba a Ganin Fitarsa

TAMBAYA: Malam, ni malamar adabi ce a wata makarantar sakandare a Gombe. Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa marubuta ke yawan kawo maƙwabcin da ba ya fitowa, wanda yara ke tsoronsa amma ba sa rabuwa da ƙofar gidansa. Wane bayani zan yi musu? (Daga Jekadafari)

AMSA: Malama, misalin da ya fi shahara shi ne Boo Radley, a littafin To Kill a Mockingbird na Harper Lee, wanda ya fito a Amurka a 1960, ya kuma ci kyautar Pulitzer a 1961. A wani ƙagaggen gari mai suna Maycomb, cikin jihar Alabama, yarinya Scout da yayanta Jem da abokinsu Dill sun yi imani cewa mutumin nan ɗanyen naman kyanwa yake ci, kuma yana leƙen tagogin mutane cikin dare, alhali ko inuwarsa ba su taɓa gani ba.

Abin da ya kamata ɗalibanki su lura da shi shi ne, yaran ba su ƙirƙiro wannan tsoro ba, a bakin manya suka tsince shi. Marubuci kan fake da idon yaro ne domin ya tona gulmar unguwa, tunda yaro yana maimaita abin da ya ji ba tare da ya san inda ake sakayawa ba. Abin da yake nasu na kansu shi ne son sani, kuma shi ne ya kai su gindin bishiyar da ke bakin gidan, inda suka riƙa tarar da cingam da tsofaffin kwabbai da agogon da ya lalace da 'yan mutum-mutumi biyu na sabulu masu kama da su, a cikin kogonta. Ashe wanda suke gudu kyauta yake ajiye musu, har ranar da ɗan'uwansa ya toshe kogon da siminti. A ƙarshen littafin ma shi ya ceci rayukan Scout da Jem.

Ba sai an je Alabama ba. Muna yara a Bauchi, akwai wani dattijo a layinmu da aka ce maye ne, duk wanda zai gifta zaurensa sai ya tofar da yawu yana cewa "kurwata kur", kuma idan ƙwallonmu ta faɗa gidansa mun yafe ta ke nan. Washegari da safe kuwa sai mu gan ta a ajiye a kan dakalinsa, mu ɗauka mu ruga, babu wanda ya taɓa tambayar wa ya fito da ita.

Ki ba ɗalibanki aiki su rubuta labarin irin wannan gida na unguwarsu, da sharaɗin kowa ya faɗi daga bakin wa ya fara jin zancen, sannan ya faɗi abin da shi ya gani da idonsa.